Wasiyyar Kubura Mai Lalle

"Sauda ce za ta yi mini wanka," in ji Hajja Kubura. "Daktora Arwa ta zuba ruwa, Su'ad ta riƙe zane. Kun dai ji, ku ne shaida."

Tana kwance ne a kan angareb, gadon igiyar nan namu, a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanta, mu kuma mata mun kewaye ta kowa da kofin shayi a hannu. Ba a daɗe da dawo da ita daga asibiti a Khartum ba, inda likitoci suka ce ciwon ya riga ya gama da hantarta, sai dai a kai ta gida a lallaɓa ta. Ni ce Su'ad ɗin da ta ambata. Sauda kuwa mahaifiyata ce, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Hajja Kubura a Umbadda tun kafin a haife ni.

Inna ta ajiye kofinta, ta ce a bar wannan zance, rai a hannun Allah yake, babu wanda ya san mai wanke wani. Hajja Kubura ta ce ita dai ta faɗa, kuma wasiyya ce. Mata suka shiga kallon juna, domin unguwa tana da masu wankan gawa da kowa ya sani, kuma ba a taɓa jin an sa likita zuba ruwa ba, likitar ma da ba danginmu ba, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Wata ta raɗa mini cewa zafin ciwo ne ya fara taɓa kan baiwar Allah. Na dubi idon Hajja Kubura, ban ga wata taɓuwa ba. Idon yana kan ƙafar Inna ta hagu, wadda take cikin baƙar safa a tsakiyar bazarar Umdurman, lokacin da mutum ke neman abin da zai rage a jikinsa.

Hajja Kubura mai lalle ce. A wajenmu matar aure ba ta yawo da farar ƙafa, saboda haka babu ƙafar matar aure a layinmu da layukan da ke bayanmu wadda ba ta hau cinyarta ba. Ta san mai kaushi, ta san mai faso, ta san wadda mijinta ya kusa dawowa daga tafiya tun kafin surukarta ta sani. Baki gare ta, ba ta raga wa kowa, amma hannunta sanyi ne da shi.

Kakanninmu aikin hajji suka fito daga Kano da Katsina, hanya ta ajiye su a nan, muka tashi muka gan mu a bakin gari, nesa da komai. Ciwon sukari kuwa ya zauna mana daram, ba mamaki, mutanen da ke zuba sukari a shayi har cokali ya tsaya. Kafin tsohuwa ta hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta sauya mota, ta bi layi, ta yi wa baƙon namiji bayanin jikinta da guntun Larabcinta, ta gwammace ta shafa man zafi ta yi shiru. Galibi ba a zuwa asibiti sai ƙafa ta fara wari.

Daktora Arwa ta fara zuwa ne da motar wata ƙungiya mai duba marasa lafiya kyauta, su tsaya a gindin masallaci tun safe har azahar, ba mai zuwa sai masu kawo yara da tari. Wata rana ƙishirwa ta kai ta gidan Hajja Kubura. Ta shiga ta tarar da mata jere a kan tabarma, kowa ta miƙe ƙafa tana jiran lalle ya bushe. An ce ta manta da ruwan da ta zo sha. Daga baya ta gaya mini cewa abin da ta yi watanni tana nema a gindin masallaci, ranar ta same shi a shanye a tsakar gida.

Daga nan suka ƙulla. Daktora ta kawo waya mai ɗaukar hoto, da ɗan abin gwajin sukari, da wani siririn tsinke na roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi a ji ko mai ita tana ji. Hajja Kubura ba ta karatun boko, amma ta iya danna waya ta yi magana, kuma ta fi kowa sanin inda ciwo ke ɓuya a tsakanin yatsu. Kafin ta ɗora lalle sai ta wanke ƙafa, ta ɗauki hoto, ta aika wa Daktora, ita kuma in abin ya fi ƙarfinta ta tura wa manyan likitoci a Bahri, can ƙetaren kogi. Wadda ta ce ba ta son hoto, sai Hajja ta rufe kwanon lalle ta ce ta je ta nemi wata, alhali kowa ya san babu wata. Har ta koya wa mata su lallaɓa su ɗauko hoton ƙafar mazajensu in sun yi barcin azahar. Malamai da dama a Umbadda suna takawa masallaci da ƙafa biyu ba su san wa za su gode wa ba.

Wuri ɗaya dabarar ta gaza. Matar da mijinta ya rasu ba ta ƙara sa lalle, don haka ƙafarta ba ta ƙara hawa cinyar Hajja Kubura. Inna tana cikinsu. Mahaifina, Malam Ƙasimu, ciwon sukari ne ya ci shi tun kafin zuwan Daktora. An kai shi asibiti a makare, aka yanke ƙafar daga gwiwa, bai yi nisa ba ya bi ta. Mu mun san jinkiri ne ya kashe shi. Inna kuwa ta riƙe cewa ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, kuma duk wanda ya nuna wa likita ƙafarsa ya yi sallama da ita.

Bayan azumi ta fara sa safar. Ta koma yin alwala a ɗaki, ƙofa a rufe. Na ga auduga a cikin shara, na ga garin bagaruwa da zuma a ƙarƙashin gado, na ga yadda take dogara diddige in za ta tsallake dokin ƙofa. Da na yi magana ta ce ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba. Na yi kuka, ta ce in adana hawayena. Tsoro ya hana ni barci, domin na san hanyar da Baba ya bi, kuma ina kallon Inna ta ɗauke ta.

Hajja Kubura ma ta gani. Ta gwada da wasa, ta gwada da faɗa, ta ce za ta yi mata lalle kyauta, Inna ta ce lallen wa zai gani. Ranar da Hajja ta kai hannu za ta ja safar, Inna ta buge hannun, ta tashi ta shige ta ƙaramar ƙofar da ke jikin katangarmu, wadda muke kira nafaj, ta sa mata sakata. Tun suna amare ƙofar nan ba ta taɓa sanin sakata ba. Ba ta buɗe ba sai ranar da aka sauko da Hajja Kubura daga mota, ta rame har ba a gane ta sai ta murya.

Jinyar tata ma ba ta zama jinya ba. Duk matar da ta zo dubiya, kafin ta gama "ya jiki" an ce ta cire takalmi. Hannun Hajja ya fara rawa, sai ni nake riƙe wayar, ita tana nuna mini da haɓa inda zan haska, tana ba Daktora bayani da muryar da ta koma kamar ta mai mura. Inna kuma ta tare a gidan, ita ce dama kunu, ita ce fifita, ita ce juya ta in gefe ya gaji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun ranar wasiyya Hajja Kubura ba ta sake ambaton safa ba. Sau ɗaya kawai na ji ta tambayi Inna, a gaban limamin unguwa da ya zo yi mata addu'a, ko ta karɓi wasiyyar. Inna ta yi ta kwana-kwana, Hajja ta ƙi sauke ido, har sai da Inna ta ce ta karɓa, Allah ne shaida.

Wata la'asar da Inna ta shiga gida salla, na durƙusa a bakin gadon na roƙi Hajja ta ƙara yi wa Inna magana ko sau ɗaya, tunda ita kaɗai take jin nauyi.

"Halas, 'yata, na gama magana," ta ce. "Sauda ba ta kunne take ji ba."

Raina ya ɓaci, har na juya baya don kada ta ga fuskata. Sai ta ja gefen mayafina, ta ce tunda wutar Umbadda ba ta da alkawari, in riƙa kai wayar wurin mai shagon da ke da allon hasken rana, kada ranar da ake bukatarta a same ta a mace. Na ce to, ina ganin ko a bakin kabari matar nan ƙafafun mutane ne a ranta, ban da ta ƙawarta.

Hajja Kubura ta rasu da hantsi, ranar Alhamis. Ta nemi a juya ta gabas, ta sha ruwa kaɗan daga hannun Inna, ta yi kalmar shahada a hankali kamar mai gudun ta tashi wani daga barci. Inna ce ta shafe mata ido ta ɗaure haɓa. Kafin in buga wa Daktora Arwa, kuka ya riga ya kai ƙarshen layi, maza sun fara kafa rumfar makoki a waje. Daktora ta ƙetaro gada ta iso kafin azahar, cikin farin mayafi, da jakar aikinta a kafaɗa. Na yi mamakin jakar, amma ba lokacin tambaya ba ne.

Aka shigar da gawar ɗaki a kan angareb ɗin, domin a wajenmu a kansa ake wanka, ruwa ya bi ta tsakanin igiya ya zuba ƙasa. An kawo ruwan ɗumi da ganyen magarya da kafur. Ba a shiga wankan gawa da takalmi, kuma mai wanka tana yin alwala ne a bakin ƙofa, mai zuba ruwa ta zuba mata. Wannan kuwa ba wanda ya kai Inna tsanani a kansa. 'Yar malamai ce, na sha ganin ta mayar da babbar mace ta sake alwala saboda diddige bai jiƙa ba, kuma ɗigon jini a zane ya ishe ta ta hana mutum taɓa gawa.

Ta zauna a kan 'yar kujera, Daktora ta ɗauki buta. Inna ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta shafi kai, ta wanke ƙafar dama. Sai ta tsaya. Safar tana nan a ƙafar hagu, kuma daga inda nake tsaye ina ganin inda ta jiƙe ta manne a wajen yatsu. Daktora tana riƙe da butar, kanta a sunkuye. A tsakar gida mata suna jira, liman ya aiko cewa za a yi salla bayan azahar.

A nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Inna ba za ta wanke ƙawarta da najasa a ƙafa ba. Ba za ta ce ta fasa ba, bayan ta karɓa a gaban liman. Kuma mai zuba mata ruwa likita ce. Na dubi gawar a ƙarƙashin zane, 'yar ƙarama, kamar ba ita ce mai cika gida da murya ba. Matar nan ta ga komai ya ƙare mata, ƙarfi ya tafi, magana ta ƙi ci, abin da ya rage mata a duniya gawarta ce kawai, ita ma ta sa ta aiki. Ban taɓa jin kwarjinin wani ɗan Adam kamar yadda na ji nata a wannan lokaci ba.

Inna ta daɗe tana kallon gadon. Can ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ashe abin da kika kwanta kina saƙawa ke nan, Kubura," ta ce. "Ko mutuwa ba ta raba ki da halinki ba."

Ta sunkuya ta kama bakin safar. Safar ta sauko har idon sawu, daga nan ta ƙi, ta manne da ciwon. Daktora ta ajiye buta ta durƙusa a ƙasa da farin mayafinta, ta ɗago kai ta tambaya da Larabci ko an ba ta izini.

"Yi abin da aka aiko ki," in ji Inna.

Daktora ta buɗe jakar, ta jiƙa safar da ruwan magani har ta saki. Ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ƙarƙashinsa rami ne, gefen ƙafar ya kumbura ya yi ja. Na rufe baki da hannu. Daktora ta danna bayan ƙafar da yatsu biyu tana sauraro, ta ce in kawo wayar Hajja. Na ɗauki hoton kamar yadda mai wayar ta koya mini, daga sama, daga ƙasa, da tsakanin yatsu, Daktora ta tura wa likitan tiyata a Bahri. Sannan ta wanke ciwon ta naɗe, ta rufe da leda don kada ruwa ya shiga, Inna ta shafa a kan naɗin ta cika alwalarta. Ta ce kada wanda ya yi mata zancen asibiti sai ta sallami ƙawarta.

A zaune ta yi wankan, ƙafar a ɗore a kan bulo. Ni ina riƙe da zane, Daktora tana zuba ruwa, ruwan yana sauka ta cikin igiya yana bin siminti. Inna ta fara da dama, a hankali, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar yadda suke yi in suna tsince shinkafa. Da ta zo hannuwa ta daɗe. Yatsun Hajja Kubura baƙaƙe ne har wuyan hannu, lallen matan unguwa ne na shekara da shekaru ya zauna a fatar. Inna ta cuɗa da magarya, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, bai ko dusashe ba. Ta sumbaci tafin hannun ta mayar da shi gefenta.

Muna ɗaure likkafani wayar ta yi ƙara a kan taga. Saƙon murya ne daga likitan Bahri. Daktora ta saurara, ta ce wa Inna yatsan kam da wuya ya tsira, amma jini yana gudu a ƙafar, in an je yau akwai kyakkyawan zato za a bar mata ita. In an jira a share makoki, ba ta da abin da za ta yi alkawari. Inna ta tambaya ko ta rantse ba daga gwiwa ba ne. Daktora ta ce ba za ta rantse a kan abin da ke hannun Allah ba, amma za ta shiga ɗakin tare da ita ta tsaya a kanta. Na tambayi Daktora daga baya ko ta san shirin tun farko, ta ce saƙo ɗaya kawai Hajja ta bar mata, cewa ranar da aka kira ta, ta zo da jakarta.

Maza suka shigo suka ɗauki angareb ɗin a kafaɗa. A al'ada Inna ce za ta zauna a kan tabarmar makoki kusa da dangi, ita za a riƙa yi wa gaisuwa har a tashi zaman. An ma shimfiɗa mata wuri, an ajiye matashi. Sai ga ta ta fito tana dafe da kafaɗata, ƙafa ɗaya a naɗe fari fat a gaban kowa, ta wuce tabarmar ta nufi motar Daktora. Wata dattijuwa ta ce, Hajja Sauda, ina zuwa, gawa ko maƙabarta ba ta kai ba.

"Mai gawar ce ta aike ni," in ji Inna.

Layinmu ɗaya ne mai fita, saboda haka motar ta bi bayan masu jana'iza a hankali, muna hango farin likkafani yana tafe a saman kawuna. A bakin kwalta suka karkata yamma wajen maƙabarta, mu muka yi gabas wajen gada. Inna ta juya tana kallo ta gilashin baya har ƙura ta rufe su.

Yatsa ɗaya aka cire. Ta dawo gida da ƙafarta, da takalmi mai taushi da aka hana ta cirewa, da allurar da take yi wa kanta tana mita. Ɗan Hajja Kubura, Salahuddin, ya zo daga Bahri zai rufe gidan, Inna ta ce ya bar mata rumfar da kujerar. Ba ta iya lalle ba, kuma ba ta koya ba. Shayi take dafawa bayan la'asar, marar sukari, ta aika a kira mata matan da mazajensu suka rasu, waɗanda ƙafarsu ba ta zuwa wurin kowa. Suna zuwa suna tsaki a kan shayin, ita kuma ta miƙe ƙafarta mai yatsa huɗu a gabansu, wayar tana kan cinyarta.

Safar kuwa, ranar wanka wata ta wanke ta ta rataye a igiyar rumfa. Ba wanda ya sauke ta. Rana ta ci baƙinta har ta koma ruwan toka, in iska ta taso daga wajen kogi takan ɗan motsa a saman kawunansu.